A Raba Mana Nauyin Raya Gona, Ba Na Buhun Taki Kaɗai Ba

Da zarar hadari ya fara haɗuwa a Arewa, wayar ɗan Arewa mazaunin Agege a Legas ba ta sake hutawa. Baba ya kira kan kuɗin taki, ƙane ya kira kan kuɗin huɗa, uwargida ta tuna masa cewa gyaɗar da aka ajiye ta iri an cinye ta tun da rani. Mahaucin Oko-Oba, da mai shayin bakin Pen Cinema, da ɗan dakon Mile 12, da maigadin Ikeja, duk layi ɗaya suke bi a gaban mai POS tsakanin Afrilu da Yuni. Wannan kuɗi ba ya cikin kasafin kowace gwamnati, babu kuma ofishin da ke ƙirga shi, amma da shi ake noma gonaki masu ɗimbin yawa a Kano da Jigawa da Katsina da Sakkwato da Kabi. Saboda haka duk ranar da gwamnati ta fito da shiri ta ce za ta biya rabi manomi ya biya rabi, mu nan mun san inda rabin manomin yake fitowa. Daga aljihunmu yake fita. Wanda yake biyan kaso kuwa yana da bakin magana a kan abin da ake saya da kuɗin.

Gwamnatocinmu sun daɗe da sanin tsarin ka kawo naka in kawo nawa a harkar noma. Abin da ke damuna shi ne kusan kullum a kan abin da ke ƙarewa cikin damina ɗaya ake yin sa. A 2012, zamanin Shugaba Jonathan, ministan noma Akinwumi Adesina ya kawo shirin da ake turo wa manomi saƙo ta waya, ya je wurin dila ya karɓi buhu biyu na taki a rabin kuɗi, gwamnatin tarayya da ta jiha su cike sauran. Shirin ya yi rana, domin ya rage hannun 'yan tsakiya da suka saba karkatar da takin gwamnati zuwa kasuwa, ko da yake bashin da diloli suka biyo gwamnati ya yi ta taruwa har shirin ya mace. A Nuwamban 2023 kuma aka ƙaddamar da noman alkama na rani a Jigawa, shi ma a kan rabi da rabi na iri da taki da maganin feshi. Ba na raina ko ɗaya daga cikinsu. Wanda ya taɓa tsayawa gaban mai sayar da taki da kuɗin da bai kai ba ya san darajar rangwame. Amma buhun takin bana, bana yake ƙarewa. Baɗi sai an sake kiran Agege, kuma abin da za a nema ya fi na bara.

Dalilin da ya sa yake ƙaruwa ba tsadar kaya ce kaɗai ba. Ku tambayi duk dattijon da ya haura sittin a ƙauyenku. Gonar da ubansa yake cika rumbu da ita ba tare da ya san takin zamani ba, yau sai an ɗura mata buhu biyu kafin ta ba da abin da take bayarwa a da. Gonar ta gaji. Mafi yawan ƙasar noma a can gida jigawa ce, yashi ya fi yawa a cikinta, kuma abin da ke riƙe ruwa da abincin shuka a irin wannan ƙasa shi ne ruɓaɓɓen ganye da kara da kashin dabbobi da suka narke suka zama jikinta. Idan wannan ya ƙare, takin zamani ba ya samun abin da zai maƙale wa, ruwa ɗaya mai ƙarfi sai ya wanke shi ko ya nutsar da shi ƙasa da inda saiwa ke kaiwa. Zuba taki a irin wannan gona ɗiban ruwa ne da kwando. Yawan yuriya shekara da shekaru ba tare da takin gida ba kuma yana sa ƙasa ta yi tsami. Sai ƙuduji ya mamaye dawa da gero, don a gajiyayyiyar gona yake samun ƙarfi. Iskar bazara ta kwashe ƙasar sama, ruwa ya yanka ɗan kwari a tsakiyar gona, kwarin ya zama kwazazzabo, abin da ya rage ya koma fako. Su kansu shugabannin Afirka sun gano haka. A taron Abuja na 2006 maganar duk a kan ƙara yawan taki ce zuwa kilo 50 a kowace hekta. Da suka sake zama a Nairobi a Mayun 2024, sai da suka haɗa lafiyar ƙasa da taki a kan ajanda ɗaya.

Kakanninmu ba su jira taro ba. Karkarar da ke kewaye da birnin Kano ta daɗe ana noma ta kowace shekara babu hutu, kuma ba ta mutu ba, har masana daga waje irin su Michael Mortimore suka shafe shekaru suna nazarin yadda aka yi. Babu wani ɓoyayyen sirri. Da rani jakuna ne ke fita daga birni da mangala cike da taki da toka da shara, su dawo da itace. Ana turke awaki da tumaki a gida a tara takinsu, a kai gona kafin ruwa. Bayan girbi Bafulatani ya sauka da shanunsa a gona su kwana su zuba kashi, mai gona ya sallame shi da dammunan gero, kowa ya ƙaru. Ana haɗa gero da wake da gyaɗa a kunya ɗaya. Ana barin gawo a tsakiyar gona, itacen da ke zubar da ganyensa da damina, ya bar wa shuka rana ya kuma ciyar da ƙasar da ke ƙarƙashinsa, da rani 'ya'yansa su zama abincin dabba. Yanzu jama'a ta ƙaru, gado ya yayyanka gonaki, babu sauran barin saura ta huta. Kara da harawa sun zama kuɗi, don haka ana share gona tas bayan girbi. Sharar birni ta cika da leda. Tsakanin manomi da makiyayi kuwa, inda ake musayar taki da hatsi, a wurare da yawa yanzu tsoro ne ya shiga.

Wani zai ce ai gonarsa ce, shi zai ci amfanin, don me gwamnati za ta sa kuɗin jama'a? Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta tana cikin lissafin manomin kansa. Haƙa ramukan tara ruwa a fako, da jera duwatsu a gicciye don karya gudun ruwa, da dasa shingen itatuwa da kare su daga awaki, da ɗauko amalanke bayan amalanke na takin gida, duk yau ake biyan wahalarsu, ribar kuwa sai bayan damina uku ko biyar take cika. Mutumin da hatsinsa ke ƙarewa kafin Agusta ba shi da shekara biyar ta jira. Sannan ribar ba shi kaɗai yake ci ba. Ƙasar da ruwa bai kwashe daga gonarsa ba, ita ce ba ta je ta cike cikin madatsar ruwa ta Tiga ko ta Challawa ba, ita ce ba ta toshe hanyar ruwa a kwarin Haɗeja ba. Mun ga abin da ambaliyar 2022 ta yi, wadda ta kashe mutum fiye da 600 a faɗin ƙasar nan, Jigawa na cikin jihohin da suka fi ɗanɗanawa. Ba na cewa kunyoyi da itatuwa za su hana kowace ambaliya. Amma ruwan da ya tsaya ya shiga ƙasa a tudu, ba shi ne ke rusa gida a kwari ba. Idan amfanin aiki na kowa ne, adalci ne kowa ya sa hannu a kuɗinsa.

Amurka, wadda ake buga misali da ita wajen barin kowa ya ji da kansa, a kan wannan ba ta bar manomi shi kaɗai ba. A shekarun 1930 fari da mugun noma suka sa iska ta riƙa ɗaukar ƙasar gonaki a tsakiyar ƙasar, har ƙurar ta kai Washington. A Afrilun 1935 majalisarsu ta kafa hukumar kiyaye ƙasar noma, shekarar da ta biyo baya aka fara biyan manoma wani kaso na kuɗin ayyukan da ke kare ƙasa. Har yau ana yi. Shirin da ake kira EQIP, wanda aka kafa a 1996, yana ɗaukar har kashi 75 cikin 100 na kuɗin aikin, ga sabon manomi ko mai ƙaramin ƙarfi kuma har kashi 90, ana ma iya ba shi rabin kuɗin tun kafin ya fara. Sai an zauna da malamin gona an tsara aikin, an sa hannu a yarjejeniya, an gama, an zo an duba da ido, sannan a cike biya. Su ma suna da ƙorafinsu, masu nema sun fi kuɗin yawa, manyan gonaki kuma sun fi iya cike takardu. Abin da nake so mu ɗauka shi ne ginshiƙin tsarin: a biya bisa aikin da aka gani a ƙasa, kuma mai ƙaramin ƙarfi ya biya kaso mafi ƙanƙanta.

Mu ma muna da abin da za mu ɗora a kai, wato shirin Fadama. An fara shi a farkon shekarun 1990 da rancen Bankin Duniya, ya yaɗa injin ban-ruwa da rijiyar burtsatse marar zurfi a fadamun Arewa. A zagaye na biyu, wanda ya fara aiki a 2004 kuma Legas tana cikin jihohinsa, aka bar wa manoma su haɗa ƙungiya, su tsara abin da suke so, su kawo kasonsu. A kan kayan aiki kason ya fara da kashi 40, aka rage shi zuwa 30, a kan aikin gayya kamar hanya da kwalbati kuma kashi 10 ne. Zagaye na uku ya zo a 2008 ya game jihohi 36 da Abuja. A ganina Fadama na cikin shirye-shirye ƙalilan da manomi ya taɓa da hannunsa ya ce ga abin da na samu. Amma ya bar mana darussa guda biyu masu ɗaci. Kason tsabar kuɗi yana tace mutane: mai ɗan hali ya shiga, gwauruwa da mai gonar aro su tsaya a bakin ƙofa, rage kason da aka yi ma shaida ce cewa an ga hakan. Sannan idan ka ce wa ƙungiya ta zaɓi abin da za ta sa kuɗinta a kai, injin ban-ruwa ko injin niƙa za ta zaɓa, don shi ne zai mayar da kuɗin kafin shekara ta zagayo. Ba laifinsu ba ne. Babu mai cire kashi 30 daga bakin 'ya'yansa ya zuba a kan shingen da zai yi amfani bayan shekara biyar. Ga kuma jihohin da suka riƙa jan ƙafa wajen sakin nasu kason, manomi ya cika alkawari gwamnati ta saɓa.

Darasin da ya fi kusa da mu yana tsallaken iyaka, a ƙasar Maraɗi, wurin mutanen da harshenmu ɗaya, gero ɗaya, yashi ɗaya. A farkon shekarun 1980 wani ma'aikacin aikin gona ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya gaji da dasa itatuwan da ke mutuwa, sai ya lura cewa kututturan da ake sassabewa kowace shekara suna da rai, saiwarsu na nan a ƙasa. Abin da ake bukata kawai shi ne a zaɓi tohon da ya fi ƙarfi, a rage sauran, a kare shi. Sassabin zamani ke nan. Lokacin yunwar 1984 an haɗa shi da rabon abinci, duk wanda ke son hatsi sai ya bar itatuwa a gonarsa. Da abincin ya ƙare, mafi yawan itatuwan aka sare su. Amma waɗanda suka bar nasu sun ga bambanci a gero, sun samu itacen girki da abincin dabba da na sayarwa, maƙwabta suka gani suka kwaikwaya. Abin da ya ƙara wa aikin ƙarfi shi ne da manomi ya tabbata cewa itacen da ya raina nasa ne, ma'aikacin gandun daji ba zai ci shi tara don ya yanki reshe ba. Masu bincike sun kiyasta cewa an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 a kudancin Nijar ta wannan hanya. A yankin Tawa kuma, wajen Illela da Badagishiri, manoma sun mayar da fako gona ta hanyar haƙa tassa da rabin-wata, ramukan da ake zuba wa ɗan taki su tara ruwa, har ta kai ana sayen fakon da a da babu mai kallonsa.

Wannan labari ya kamata ya hana mu ruɗin kanmu. Kuɗi shi kaɗai ba ya raya ƙasa. Idan don kuɗin aka yi aikin, ranar da kuɗin ya tsaya aikin ya rushe. Tallafi gada ce da za ta haye da manomi shekarun farko, kafin gonar ta fara biyan kanta. Kuma dole ya san abin da ya raya nasa ne. A nan ne muke da babbar matsala da ba a cika faɗa ba. Mutane da yawa a kan gonar aro ko haya ko jingina suke noma. Wanda bai san ko baɗi gonar na hannunsa ba, ba zai kai mata taki amalanke goma ba, domin ya sha ganin an gyara gona mai ita ya karɓe. Mai gonar shi ma ba ya son a dasa masa itace, don kada gobe a ce an kafa hujja. Duk shirin da bai tanadi rubutacciyar yarjejeniya ta shekara uku zuwa biyar tsakanin mai gona da mai aro ba, a gaban dagaci ko mai unguwa, to masu gona da yawa kawai zai amfana.

Yanzu haka akwai kuɗi a ƙasa da sunan wannan aiki. A Disamban 2021 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 don shirin ACReSAL, na jihohin Arewa 19 da Abuja, da burin farfaɗo da hekta miliyan ɗaya ta ƙasar da ta lalace. Kafin shi an yi NEWMAP daga 2012, wanda ya fi mayar da hankali kan manyan kwazazzabai. Akwai kuma hukumar Babbar Ganuwar Itatuwa da ke aiki a jihohi 11 na bakin hamada. Mai karatu ya riƙe wannan: kuɗin ACReSAL rance ne. Mu da 'ya'yanmu za mu biya, har da mai turin baro a Agege da ke biyan haraji a kan duk abin da ya saya. Toshe babban kwazazzabo da kankare aiki ne na injiniya da ɗan kwangila, kuma wanda gidansa ke bakin rami a Gombe ya san amfaninsa. Tsorona shi ne kada rancen ya ƙare a kan abin da ake yanka wa kintinkiri, a jera taraktoci a ɗauki hoto, alhali kwazazzabon gobe yana farawa ne daga ɗan kwarin da ke gonar mutum ɗaya yau, wanda kwana biyu na aiki da amalanken duwatsu za su tsayar da shi.

Abin da nake nema ba mai wuyar fahimta ba ne. A ware wani kaso bayyananne na waɗannan kuɗi, da na tallafin taki, a riƙa biyan manomi kai tsaye a kan aikin raya ƙasa a gonarsa. Kasonsa kuma a karɓe shi da gumi, ba da tsabar kuɗi ba: shi ya haƙa, ya jera, ya ɗauko taki, gwamnati ta biya kuɗin ɗauko duwatsu da kayan aiki da irin itace da wani ɓangare na ladan kwanakinsa. A ba shi wani abu a farko, a cike bayan an duba. A kan itace kada a biya ranar dashe, a biya bisa wanda ya rayu bayan damina biyu ko uku, domin mun gaji da bikin dashen itatuwan da ba sa ganin rani. Wanda ya kai takin gida gonarsa ya samu ƙarin rangwame a kan na zamani, tunda haɗa su biyun ne ke sa buhun ya yi aikinsa. Na san abin da za a ce: za a cika takarda da sunayen manoman bogi. Haka ne, an yi a baya. Amma buhun taki ana iya ɗora shi a mota a sayar a wata jiha, ramin tassa da tsayayyen gawo ba sa tafiya ko'ina. Ana ƙirga su, wayar hannu tana ɗaukar hotonsu da wurin da suke. A liƙa sunayen waɗanda aka biya da adadin kuɗin a ƙofar gidan dagaci da bakin kasuwa, mutanen gari sun san wanda ke da gona da wanda ba shi da ita. Wannan kuwa ba zai yiwu ba sai an farfaɗo da malaman gona na hukumomi irin su KNARDA da JARDA da KTARDA, an ɗauki matasa, an ba su babur da mai. Inda 'yan bindiga suka hana zuwa gona, a Zamfara da sassan Katsina da Sakkwato, babu shakka tsaro ne farko. Amma ba hujja ba ce ta barin sauran wuraren da ake noma lafiya.

Ga wani abu da ya shafe mu kai tsaye. Duk waɗannan ayyuka na rani ne. Tassa da rani ake haƙa ta, duwatsu da rani ake jera su, taki da rani ake kai shi. Lokacin ne kuma matasanmu ke hawa bayan tirela su taho cin-rani, su kwana a rumfar kasuwa ko ƙarƙashin gada, su yi ta fama da kame da kora, musamman tun da aka hana acaɓa a ƙananan hukumomi da dama na Legas a 2022. Wanda ya san zai samu ladan wata biyu ko uku a gonar ubansa, aikin da ribarsa za ta dawo masa, zai yi tunani sau biyu kafin ya hau tirelar. Ba ina cewa a hana kowa zuwa ba, neman halal ba laifi ba ne, kuma da cin-rani aka gina unguwannin da muke ciki. Ina so ne zuwan ya zama zaɓi, ba gudun gonar da ta mutu ba.

Gwamnatin Legas ita ma tana da kaso a nan, ko ta sani ko ba ta sani ba. A ƙarshen Fabrairun 2021, da ƙungiyar dillalan abinci da dabbobi ta tsayar da lodi zuwa Kudu bayan rikicin kasuwar Shasha ta Ibadan, cikin 'yan kwanaki tumatir da albasa da nama suka yi tashin gwauron zabi a nan. Wannan tsaiko ne na kwanaki, da aka sasanta motoci suka dawo. Gajiyar ƙasa kuwa tsaiko ne da ke zuwa a hankali, babu teburin da za a zauna a janye shi. Legas ta nuna tana iya haɗa hannu da Arewa: a 2016 ta yi shinkafar Lake Rice da jihar Kabi, a 2023 aka buɗe katafaren injin casar shinkafa na Imota, wanda ba zai yi aiki ba sai da shanshera daga gonakin wasu jihohi. Jihar da ta iya sa kuɗi a kan injin, ta iya sa wani abu a kan ƙasar da ke ciyar da injin. A cikin gida ma akwai aiki. 'Yan uwanmu masu lambu a gefen hanyar Badagry da wajen Ojo da sauran filayen da ba a gina ba, su ne ke kawo latas da lawashi da alayyafo da safe, a kan filin da ba su da takardarsa, da kuɗinsu suke sayen kashin kaji, da ruwan da suka samu suke ban-ruwa. Shirin APPEALS da aka fara a 2017 ya zaɓi kaji da kifi da shinkafa ne a Legas. A lokaci guda, kashin dubban dabbobin da ake saukewa a Oko-Oba da ragowar kayan gwari na Mile 12 ƙarfin ƙasar Arewa ne da aka yi lodinsa zuwa nan, kuma mafi yawansa shara ake ɗaukarsa. A raba kuɗin mayar da shi taki da ƙungiyoyin mahauta da na masu lambu, a ba masu lambun izinin zama na wasu shekaru da rijiya mai tsabta. Agege da muke takawa a kan kwalta, gonakin goro da koko ne a farkon ƙarnin da ya wuce, har manomanta suka kafa ƙungiyarsu a 1907, kuma goron ne da jirgin ƙasa suka zaunar da kakanninmu a unguwar Zango. Bai dace garin da noma ya kafa ya ɗauki mai lambu a matsayin mai laifi ba.

Sauran magana tamu ce. Kusan kowane gari na Arewa yana da ƙungiyar 'yan asalinsa a Legas. Muna tara kuɗin kai gawa gida, muna gina masallaci, muna haɗa gudummawar biki, Allah ya saka wa kowa da alheri. Amma ban ga dalilin da zai hana ƙungiya ɗaya ta ɗauki nauyin kason unguwa guda a aikin toshe kwari, ko ta sayi amalanke da shanun da za su riƙa kai taki gonakin marayu da gwauraye ba. Ƙungiyar da ta zo da kasonta a hannu, jami'i ba ya iya ce mata ta dawo gobe cikin sauƙi. Ina roƙon Sarkin Hausawan Agege da majalisarsa, da shugabannin kasuwar Mile 12 da na Oko-Oba, da limamanmu, su sa wannan batu a zamansu na gaba. Kai kuma ɗan uwa, in Allah ya kai ka gida da Sallah, ka ware yini ɗaya ka je sashen aikin gona na ƙaramar hukumarku. Ka tambaya ko garinku yana cikin tsarin ACReSAL, wane aiki aka rubuta masa, nawa aka ware, su wa ke cikin kwamitin. Ka nemi a nuna maka a rubuce, ka ɗauki hotonsa, ka kawo wa ƙungiyarku. Kuma a kuɗin da za ka tura bana, ka ce wa na gida su cire na amalanken taki tun kafin a je wurin dila.